Neman sunan bishiyar ƙofar gidanmu

Asabar, 2 ga Maris, 2024

Wata uku ke nan da tarewarmu a gidan nan na arewacin birnin Columbus, jihar Ohio, kuma har yau ban san sunan bishiyar da ke tsaye a ƙofar gidana ba. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. A Funtuwa ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini itatuwa, amma ko cikin duhu aka miƙo mini ɓawo zan faɗi na tsamiya ne, ko na maɗaci, ko na gawo. A nan kuwa, ga ni uwar 'ya'ya uku, in baƙo ya nemi kwatance sai in ce masa "gidan da ke da wata bishiya".

Da hunturu muka sayi gidan, lokacin ta riga ta tuɓe tsaf, ba ganye ko ɗaya. Takardun ciniki sun faɗi shekarun rufi da na tukunyar ɗumama ruwa, ita kuwa ko ambatonta ba su yi ba. Shi ya sa na ware wannan littafi. Abin da idona ya gani zan riƙa rubutawa, ban da abin da raina yake so.

Na yau: ta ɗara tagar bene tsawo. Na zagaya kututturen da tef ɗin ɗinki daidai ƙirjina, santimita 118. Daga ƙasa kututture ɗaya ne, yana kai tsawon mutum sai ya rabu rassa barkatai, duka daga wuri guda, suna miƙewa sama a cunkushe kamar an kafa tsintsiya ta gindi. Ɓawon toka-toka ne, tsagoginsa a tsaye suke. Tohon ɓul-ɓul, da gashi-gashi kamar an naɗe su da auduga mai datti, kuma ba sa fitowa biyu-biyu suna kallon juna, ɗaya nan ne ɗaya can gaba. Littafin itatuwan da na aro daga laburare ya ce wannan kaɗai ya isa in cire mafil da dogwud daga lissafi, domin su tohonsu daura da juna yake fitowa.

Maigida ya leƙo da kofin shayi ya ce, "Ceri ce." Na ce hujja fa? Ya ce ai ta yi kama da ceri. Tun da yake bai taɓa ganin ceri tsirara ba, amma na ƙyale shi.

Litinin, 11 ga Maris

Azumi na farko. Tohon sun kumbura, bakinsu ya ɗan tsage, ana hango kore-kore a ciki.

Yarinyata ta tsakiya ta tambaye ni, "Umma, yaya ake ce wa wannan lokacin da Hausa?" Na ce bazara, sai na ji kamar na yi mata ƙarya. Bazarar da na sani ita ce ta zafin da ke hana barci, ta randa da mafici da mangwaro. Wannan kuwa da rigar sanyi muke yin sahur. Abu ɗaya dai ya haɗa su: a can ma gawo ne kawai ɗan tawaye, sauran itatuwa da dama a daidai wannan tsakani suke huda, tun ruwa bai sauka ba.

Asabar, 23 ga Maris

Ta buɗe. Kwana biyu da suka wuce tsilli-tsilli ne, yau na ɗaga labule na ga kamar an juye mata buhunan auduga. Fari fat daga sama har ƙasa, ganye bai fito ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Gaskiya na yi murna. Na ɗauki hoto na aika gida, kafin azahar an cika ni da Masha Allah.

Na gwada wata manhajar gane tsirrai a waya. Hoton nesa ta ce ceri. Na matso, ta ce tuffar daji. Na ƙara matsowa, ta ce wata fiya, dangin ta Turawa, ba tamu ta kasuwa ba. Amsa uku a minti biyar, kamar shaidar ɗan kasuwa. Laifin ba nata ba ne kaɗai: duk ukun 'yan gida ɗaya ne, dangin wardi, kowace furenta falle biyar ne, to in hoto ne kawai ai dole a rikice.

Abin da waya ba ta iya kamawa shi ne wari. Tun safe nake jin wani ƙarni a bakin ƙofa. Na zargi kwandon shara, na wanke shi. Na zargi yara da zubar da romon kifin buɗa-baki a ciyawa, suka rantse. Sai da la'asar na janyo reshe na kai hancina. Subhanallah. Ga mai azumi kuma, wanda hancinsa ke jin ƙamshin miya daga layi na uku. Ashe wannan farar amarya ce take ƙarnin kifin da ya kwana.

Lahadi, 24 ga Maris

Yau aikin gaske. Na tsinko tarin fure guda, na shimfiɗa a farar takarda, na ɗauko gilashin ƙara girma na yaron nan.

A tari ɗaya na ƙirga fure tara, duka daga toho guda. Kowane fure bai fi faɗin kan babban yatsa ba. Fallayen biyar zagayayyu ne, bakinsu sumul, ba tsaga. A ciki akwai zarurruka wajen ashirin, kowane da ɗan kai, kuma a furen da ya buɗe yau kawunan ja ne mai duhu kamar zoɓo, na jiya sun koma baƙi-baƙi. A tsakiyarsu tsinkayen mace, waɗanda ke karɓar garin fure: na tsaga fure shida, huɗu na da biyu-biyu, biyu na da uku-uku.

Da rana muka tafi Franklin Park, inda ake da itatuwan ceri na Japan, don in haɗa ido da ido. Ba a buƙatar gilashi ma. Ɓawon ceri santsi gare shi da ɗan sheƙi, da layuka a kwance kamar tsagar gado a kumatu. Tamu tsagoginta a tsaye. Kowane fallen ceri da 'yar tsaga a baki, kamar an ɗan ciza. Tsinken mace ɗaya tak, shi ya sa ƙwallo ɗaya ke cikin ɗanta. Ƙamshinta kuma ɗan siriri ne mai daɗi. Na juyo na ce, "Baban yara, ceri dai ta faɗi." Ya ce shi dama bai rantse ba.

Tuffar daji ma ta faɗi. Ita kawunan zarurrukanta rawaya ne, tohon furenta ja-ja ko ruwan hoda, tana da ƙamshi, kuma sai cikin Afrilu take buɗewa, tare da ganye. Saura ɗaya.

Talata, 26 ga Maris

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Baturiya da ta haura shekara talatin a layin nan, ta same ni ƙarƙashin bishiyar da gilashi a hannu. Ban ƙarasa tambaya ba ta yamutsa fuska ta ce Bradford ce, kuma a gabanta aka dasa ta, lokacin da kowane gida a layin yake da irinta. Ta nuna mini gidaje huɗu da tasu ta riga ta tsage aka sare. Na ɗan ji haushi, kwana ashirin da huɗu ina ƙirgar zare, ita da kallo ɗaya. Amma da ta faɗa mini tun ran farko, da suna kawai zan riƙe, ba zan iya gane wata irinta a bakin titi ba.

Sunanta na ilimi *Pyrus calleryana*, fiyar Callery, Bradford kuma suna ne na wani zaɓaɓɓen iri a cikinta. Kada a rikice: fiyar da muke saya a kasuwa a gida, mai kitse da ƙaton ƙwallo, abokado ce, ba su haɗa komai ba. Wannan 'yar'uwar fiyar Turawa ce, mai ruwa, mai siffar gora.

Bayan sallar asham na kira Kawu a Funtuwa. Can sun tashi sahur. Muka gaisa, na ce, "Kawu, an gano sunan bishiyar nan." Bai tambayi sunan ba. Ya ce, "Ana cin 'ya'yanta?" Na ce a'a. "Ana magani da ita?" Na ce ban ji ba. "Dabbobi na cin ganyen?" Na ce Kawu, nan wa ya ga akuya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To 'yar nan, ita me take yi a ƙofar gida?" Na ce ado. Ya yi dariya har da tari.

Asabar, 30 ga Maris

Kwana huɗu ina karatu a kanta bayan sahur, kuma labarin ya fi furen daɗi.

Asalinta ƙasar Sin ce da Biyetnam. An sa mata sunan wani ɗan mishan, Joseph-Marie Callery, wanda ya aika samfurinta Turai daga Sin a ƙarni na 19. Shigowarta Amurka da yawa kuwa ba don ado ba ne, don magani ne. A farkon ƙarni na 20 wata cutar bakteriya da ke sa rassa su yi baƙi kamar wuta ta lashe su tana cinye gonakin fiya, musamman a yammacin ƙasar. Aka lura wannan 'yar dajin ta Sin tana jure cutar. Ma'aikatar gona ta Amurka ta sa mai farauto mata tsirrai, Frank Meyer, haifaffen ƙasar Holan, ya tattaro irinta. Ya yi ta yawo a Sin yana tara 'ya'yan nan ƙanana ana ɓare su, kuma bai dawo daga wannan tafiya ba: a 1918 aka tsinci gawarsa a kogin Yangtze. Shi ne mai lemon nan da ake kira da sunansa.

Nufin shi ne a yi amfani da ita a matsayin gindi, a ɗaura mata fiyar ci a sama, kamar yadda muke yi wa mangwaro aure. Daga baya, a tashar gwaji ta Glenn Dale da ke jihar Maryland, aka lura da wata guda a cikin waɗanda aka shuka: ba ƙaya, fure jingim, siffa kamar an zana. Aka sa mata sunan wani tsohon shugaban tashar, Bradford, aka sake ta ga kasuwa a farkon shekarun 1960. Tana girma da sauri, ba ta damu da hayaƙin mota ko busasshiyar ƙasa ko laka ba, ƙwari ba sa sonta. Lokacin kuma ana ta gina sababbin unguwanni a bayan birane. Magina suka ce abin nema ya samu.

Ga inda abin ya juya. Duk wata Bradford yanka ce daga waccan uwa guda, wato dukkansu jiki ɗaya ne. Ita kuma fiya ba ta yin barbara da kanta, sai da garin furen wata daban. Don haka aka ɗauka juya ce, ba za ta haihu ba. Amma rassanta na da aibi, suna tsagewa idan ta kai shekara goma sha biyar zuwa ashirin da 'yan kai. Sai masu sayar da dashe suka fito da wasu irin masu ƙarfin reshe, kamar Aristocrat da Chanticleer, wadda asalinta ma daga Cleveland ne a nan Ohio. Aka dasa su gida kusa da gida. Ƙudan zuma da ƙudaje ba su san wata doka ba. Juya ta sami miji. Farfesa Theresa Culley ta Jami'ar Cincinnati na cikin waɗanda suka bi diddigin ƙwayoyin gadon na daji, suka tabbatar 'ya'yan wannan haɗuwa ne.

Ƙarnin ma da dalilinsa. Furen na fitar da sinadarai irin na kifin da ya fara lalacewa, kuma ƙuda ake gayyata da shi. Na tsaya na duba, lallai ƙudaje sun fi zuma yawa a kanta.

Tun watan Janairun 2023 haramun ne a sayar da ita ko a dasa ta a Ohio. An ba masu sayarwa wa'adin shekara biyar tun 2018. Pennsylvania da South Carolina ma sun kama hanya ɗaya. Dokar ba ta tilasta wa mai tsohuwa ya sare ba, sai dai ana kwaɗaitarwa.

Maigida ya ce, "Baƙuwa ce ta zo aiki, ta yi 'ya'ya, yanzu ana ƙorafi. A bar ta, 'yar'uwarmu ce." Na yi dariya, amma ban karɓa ba. Dogonyaro ma baƙo ne daga Indiya, ga shi ya zama ɗan gari har muna mantawa, domin yana biyan kuɗin zama da inuwa da magani. Misalin wannan ya fi kusa da ciyawar kacalla a fadamun Haɗejiya da Nguru, wadda in ta shiga wuri ba mai sake tsirowa.

Litinin, 8 ga Afrilu

Ranar husufin rana. Columbus na gefen layin duhun kaɗan, don haka muka bi hanyar Marysville don mu ga cikakke. Bayan ƙarfe uku kaɗan gari ya yi duhu, tsuntsaye suka yi tsit, muka yi salla a gefen wani fili. Wannan labari ne na wani littafin.

Na nan shi ne hanya. Sau nawa na bi titin zoben nan na 270 ban ga komai ba? Yau duk gangaren titi, duk filin da aka bari, duk bayan shaguna, su ne. Wasu sun fara zubar da fure, wasu na kan ganiya, a cushe kamar gero, ba wanda ya dasa ko ɗaya. Auta ta riƙa ƙirgawa, ta gaji a ɗari da wani abu. Makonni biyu da suka wuce da cewa zan yi kai, Amurka akwai kyau.

Tamu ta zubar. Ƙofar gida kamar an watsa shinkafa.

Asabar, 20 ga Afrilu

Ganye ya kammala, ya kuma ƙara tabbatarwa. Kore shar, mai sheƙi kamar an shafa mai, da kauri, bakinsa na lanƙwasa kamar igiyar ruwa da ƙananan haƙora marasa tsini, ga doguwar ƙafa da ke sa shi rawa da 'yar iska. Ganyen ceri na da wasu 'yan ƙuraje a ƙafarsa kusa da gindin ganyen. Na duba goma, babu.

Ina cire ciyawa a gindinta wani abu ya soke ni har jini. Wasu tsirrai uku ne suka fito daga saiwa, da ƙaya doguwa kamar ta aduwa. Na tsaya ina mamaki, bishiyar da ba ƙaya ko ɗaya a samanta. Sai na tuna 'yar aure ce. Sama Bradford, ƙasa kuwa gindin daji ne da aka ɗaura ta a kai, mai halin kakanni. In aka bar irin waɗannan suka girma har suka yi fure, suna iya yin barbara da saman, bishiya ɗaya ta zama mata da miji. Na datse su da almakashin lambu.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ba juya ba ce. 'Ya'ya ne reshe-reshe, ƙanana, ba su kai magarya ba, kore mai shiga ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, tauri kamar tsakuwa. Na tsaga ɗaya da wuƙa, ga iri a ciki. Akwai wata siririya mai tsini a gida na uku, ina zargin ita ce angon.

Dattijuwar nan ta kira ni bayan gidanta ta nuna mini abin da ta dasa bayan tata ta faɗi. *Amelanchier*, 'yar asalin ƙasar nan, wadda suke kira da sunan watan Yuni saboda lokacin nunarta. Ita ma farin fure take yi a farkon shekara, sai dai fallayenta sirara ne kamar tsinken ashana, ɓawonta sumul. Ta tsinko mini 'ya'yan, shuɗi mai duhu. Zaƙi sak, da ɗan ɗanɗanon almon a ƙarshe. Na cika tafin hannu na kai wa yara.

Asabar, 28 ga Satumba

Na daɗe ban buɗe littafin nan ba, don na ɗauka aiki ya ƙare. Jiya ragowar guguwar Helene ta iso da iska. Wajen magariba muka ji ƙara kamar an fasa ƙaton faranti. Ɗaya daga manyan rassan ya ɓalle tun daga mahaɗa, ya kwanta a hanyar mota, taku kaɗan daga inda maigida ke ajiye tasa. Allah ya tsare, yana masallaci.

Da safe na duba wurin tsagewar. Tsakanin reshen da kututture ba itace ne ya haɗa su ba, ɓawo ne ya naɗe a ciki, baƙi, da danshi. Rassan sun taso a matse, kowane na ƙara kauri yana ture ɗan'uwansa, ba su taɓa haɗuwa da gaske ba. Tsintsiyar nan da na rubuta ran 2 ga Maris, ashe ciwon nake kallo.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Duk itatuwan layin sun tuɓe, ita kaɗai ta rage da kaya, ja da ruwan goro da shanshanbale. Ko da gefe ɗaya a ɓalle, ba ta taɓa kyau irin na yau ba, kamar ta ji ana shawara a kanta. Sanyi ya tausasa 'ya'yan, kuma tun safe garken tsuntsayen nan baƙaƙe masu ɗigo-ɗigo, sitalin, suke kanta. Su ma daga Turai aka kawo su, aka sake su a New York a 1890. Suna ci suna tashi wajen titin zobe, ina ganin inda irin zai sauka.

Mai saran itace ya zo ya duba. Ya ce sauran mahaɗan biyu ma haka suke, kuma ɗaya na kallon ɗakin yara. Zai dawo ran Talata ta sama. Ya ce sara kaɗai ba ya kashe ta, sai an shafa wa kututturen maganin kashe ciyawa nan take, in ba haka ba saiwar za ta turo ƙayoyi ko'ina. Auta ta yi kuka, ta ce a bar mata gunduwa ɗaya ta riƙa zama a kai. An amince.

Na kira 811, lambar da ake kira kafin a haƙa rami, an zo an yi alamar bututun gas da wayoyin ƙasa da fenti. Yau da hantsi muka haƙa rami taku goma daga tsohuwar, muka sa 'yar *Amelanchier* da ba ta kai kafaɗata ba, sanda ce kawai da toho. Na aika wa Kawu hoto. Ya turo saƙon murya, daƙiƙa huɗu: "Wannan ana ci?" Na ce ana ci, Kawu, amma sai an yi rige-rige da tsuntsaye. Kewayen kututturenta a tef ɗin ɗinki, santimita 7.